Yadda ake sa na'ura ta taya ka gyara rumbun bayanan kayan abinci na gayya

Duk wanda ya taɓa kiran gayyar noma ya san aikin kwana goma kan ƙare kafin azahar, ya kuma san idan ya zagaya gonar da yamma zai tarar kunyar wani a miƙe, ta wani a karkace, wani ma ya tsallake layi bai sani ba. Haka rumbun bayanan kayan abinci yake idan jama'a ne ke cika shi da wayoyinsu. Ɗalibi ya shiga kanti a Samaru ya haska bakod, wato layukan nan masu lamba a ƙasa, na gwangwanin madara, ya ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya gani. Wata uwar gida a Tudun Wada ta shigar da garin kunun da ta sayo. Kafin wata uku kaya sun taru, amma da ka buɗe sai ka ga biskit ɗaya da suna huɗu, adadin gishiri a gurbin sukari, da ɗaruruwan kaya da babu komai a kansu sai hoto.

Shahararren rumbu irin wannan shi ne Open Food Facts, wanda Stéphane Gigandet ya kafa a Faransa a 2012. Yanzu kayan da ke cikinsa sun wuce miliyan uku, kuma kowa na iya shigar da kaya ko ya kwashi bayanan kyauta. Suna da wata manhaja mai suna Robotoff da ke duba hotuna tana fitar da zato: wannan da alama madara ce, wannan tambarin kamfani kaza ne, nauyinsa giram kaza. Sai dai akasarin abin da ta koya daga kantunan Turai ta koye shi. Ka nuna mata cuku na Faransa ta gane, ka nuna mata dakuwa a leda ta tsaya tana kame-kame. Wannan giɓin shi ne aikinmu. Matakan da ke tafe suna amfani ko kana taimaka wa wancan babban rumbu ne, ko kuwa ku da abokanka kuna gina naku na kayan kasuwar Sabon Gari. Ba ka buƙatar kwamfuta mai tsada. Laftof ɗin da kake rubuta furojet da ita ta isa.

Mataki na ɗaya: zaɓi tambaya guda

Kada ka ce za ka "gyara rumbu". Wannan ba aiki ba ne, buri ne. Ka zazzage bayanan ka ƙirga: kaya nawa ne ba su da rukuni, nawa ba su da sunan kamfani, nawa ba su da nauyi, nawa ba su da jerin kayan haɗi. Gurbin da ya fi yawan rami, kuma amsarsa tana rubuce a jikin leda, da shi za ka fara. Yawanci rukuni ne, wato sanin ko kayan taliya ne, mai ne, ko abin sha, domin sauran lissafi a kansa yake dogara. Ba za ka kwatanta sukarin lemon kwalba da na wani ba sai ka san dukansu lemo ne.

Idan daga Open Food Facts za ka ɗebo, kada ka sauke fayil ɗin duniya gaba ɗaya, gigabait ne masu yawa kuma data ba araha take ba. Ka tace kayan da ake sayarwa a Najeriya kawai. Ka kuma san lasisinsu, ODbL, ya shar'anta cewa idan ka haɗa bayanansu da naka ka fitar wa jama'a, naka ma sai ya zama a buɗe, kuma ka ambaci inda ka samo.

Mataki na biyu: gyara hoto tun daga kasuwa

Duk dabarar da za ta biyo baya, idan hoton ya yi dishi-dishi, aikin banza ne. Ka tara masu shigar da kaya ka nuna musu da hannu, ba a saƙon WhatsApp ba. Kowane kaya hoto huɗu: fuskarsa, jerin kayan haɗi, teburin sinadaran gina jiki, sai gefen da ke da bakod da lambar NAFDAC. A kashe fitilar waya, domin leda mai ƙyalli tana mayar da haske daidai kan rubutun da ake nema. A fito bakin shago inda hasken rana yake. A miƙar da leda da yatsu biyu. Gwangwani da kwalba kuwa rubutunsu a zagaye yake, sai a ɗauka sau biyu ana juyawa. Lokacin hunturu a goge idon kyamara da gefen riga, ƙurar Zariya ba ta barin gilashi.

Sannan akwai mai shago. Kada yaro ya faɗa wa mutum cikin shago yana ɗaukar hoto kamar ɗan leƙen asiri, za a ɗauka jami'in hukuma ne ko mai neman sharri. A yi sallama, a gaisa, a ce: "Alhaji, ɗalibai ne mu, muna tara bayanin abin da ke rubuce a jikin kayan abinci ne, ba farashi ba, ba sunan shago ba." Mafi yawa za su ce, "Bismillah, yarona, amma kada ku tare mini ƙofa." A sayi ko da biskit ɗaya ne. Kada fuskar kowa ta fito a hoto, kuma a cire bayanin wurin da waya ke liƙa wa hoto a ɓoye kafin a ɗora shi, musamman wanda aka ɗauka a cikin gida. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023.

Mataki na uku: lissafi kafin koyon na'ura

Nan ne masu zumuɗi kan yi tsalle, alhali nan ribar take. Kurakurai da yawa ba sa buƙatar wata ƙwaƙwalwar na'ura, lissafin firamare ne ke kama su.

Fara da bakod. Wanda aka fi gani mai lamba 13 ne, kuma ta ƙarshen mai gadi ce. Ka ɗauki sha biyun farko, ka tara waɗanda ke gurbi na 1, 3, 5, 7, 9 da 11. Ka tara na gurbi na 2, 4, 6, 8, 10 da 12, ka ninka su sau uku. Ka haɗa jimlar biyu. Abin da ya rage a cika goma ta gaba shi ne lamba ta 13. Misali 615123456789: kashin farko 31, na biyu 26 sau uku 78, jimla 109, saura 1 a kai 110, don haka cikakkiyar lambar 6151234567891 ce. Duk wadda ta saɓa wannan, an yi kuskure wajen bugawa. Lambar 615 da ke farko tana nufin an yi rajistar bakod ɗin ne a Najeriya ta hannun GS1, ƙungiyar da ke raba lambobin bakod, ba lallai a nan aka sarrafa kayan ba. Kada ka cika gurbin ƙasar asali da ita. Ka kuma ajiye bakod a matsayin rubutu, ba adadi ba, domin manhajar jadawali irin Excel tana cinye sifirin farko, ko ta mayar maka da lambar wani abu kamar 6.15E+12, shi ke nan ta tafi.

To ƙuli-ƙuli, kilishi, garin ɗanwake, yaji da zumar da ake ƙullawa a gida fa, waɗanda ba su da bakod? Kada ka watsar da su, su ne ainihin abin da babu wanda ya tara. GS1 ta ware lambobin da ke farawa daga 20 zuwa 29 don amfanin cikin gida, sai ka ba su daga ciki a rumbunka.

Sai teburin sinadarai, a kan kowane giram 100:

Maiƙo da kabohaidiret da furotin da gishiri idan aka tara ba za su wuce 100 ba. Sukari ba zai fi kabohaidiret ba, tunda ɓangarensa ne. Daskararren maiƙo ba zai fi jimlar maiƙo ba. Kuzari ba zai wuce kimanin kilokalori 900 ba, domin ko tsantsar mai iyakarsa ke nan. Gishiri kuwa sodiyam ne sau 2.5, wato miligiram 400 na sodiyam daidai yake da giram 1 na gishiri.

Akwai kuma gwajin da na fi so. Giram ɗaya na maiƙo yana ba da kilokalori 9, na kabohaidiret 4, na furotin 4. A ce biskit yana da maiƙo 20, kabohaidiret 65, furotin 7: 180 da 260 da 28, jimla 468. Idan ka ga an rubuta 1958 a gurbin, ba ƙarya mutumin ya yi ba, kilojul ya kwafo, ɗaya ma'aunin kuzarin da ake rubutawa a leda, domin kilokalori ɗaya kilojul 4.184 ne. Idan kuma ka ga 140, mai yiwuwa na ci ɗaya ya ɗauko, wato giram 30, ba na giram 100 ba. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa a kayan ƙananan leda, inda teburin ke da layi biyu a matse. Ka bar sarari a gwajin, kamar kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, saboda kamfanoni suna cike lamba, kuma yadda Amurka ke lissafa harza (fibre) cikin kabohaidiret daban yake da na Turai.

Abin da ya faɗi gwaji kada ka goge shi, kada kuma ka gyara da ka. Ka sa masa alama ya shiga layin dubawa. Wani lokaci kuskuren a jikin ledar yake tun daga maɗaba'a, kuma aikin rumbu shi ne ya faɗi abin da leda ta faɗa, tare da nuna cewa lissafin bai hau ba.

Mataki na huɗu: fitar da rubutu daga hoto

Manhajar da ke karanta rubutu a hoto ana kiranta OCR. Tesseract kyauta ce, tana aiki a kwamfutarka ba tare da intanet ba, amma tana son hoto mai tsabta da rubutu a miƙe. Masu aiki ta intanet, irin Google Cloud Vision, sun fi jure leda mai lanƙwasa da rubutun ado, sai dai suna cin data, kuma idan aiki ya yi yawa suna cin kuɗi. Ka gwada duka biyun a kan hoto hamsin naka ka gani da idonka kafin ka zaɓa.

Ka yanke hoton ya rage ɓangaren rubutu kawai, ka mayar da shi fari da baƙi, ka daidaita karkacewarsa. Ka adana rubutun da ya fito yadda yake, ɗanye, a gurbi na daban, ka yi gyare-gyarenka a kwafi.

Kurakuran da za ka yi ta gani sanannu ne. Sifiri da harafin O suna musanya, haka 1 da l. Waƙafi da aya suna ɓacewa, 2.5 ta koma 25. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan fito wani abu dabam. Kayan kasuwarmu kuma harsuna ne a cakuɗe: dabino da alawar da 'yan Umara ke kawowa da Larabci, kayan da suka biyo ta Nijar ko Kwatano da Faransanci, namu da Turanci, wani lokaci duka a leda ɗaya. Ka fara raba rubutun Larabci da na boko, kowanne a karanta shi da nasa tsarin.

Da rubutu ya samu, wasu gurabun tsarin bincike kawai suke so, ba koyo ba. Lamba da g, kg, ml ko cl ke biye da ita nauyi ne ko yawa. Harafin E da lamba uku ko huɗu sinadarin ƙari ne, kamar E621 na ɗanɗano ko E102 na launi. Abin da ya biyo bayan kalmar NAFDAC lambar rajista ce. Amma a kula: karanta lamba daban, tabbatar da sahihancinta daban. Na'urarka ba ta da hurumin cewa kayan wani jabu ne; wannan aikin hukumar ce, wadda aka kafa tun 1993 don shi.

Mataki na biyar: yi wa misalai alama da hannu

Yanzu aka zo koyon na'ura, kuma ita da misali take koyo, kamar almajiri da allo. Ka tsara rukunai kaɗan da farko, goma sha biyar zuwa ashirin: taliya, madara, kayan shayi, mai, sinadarin miya, lemo, biskit, alawa, gari, kayan ƙwalama na gida, da sauransu. Ka rubuta iyakar kowanne a takarda ɗaya, domin gardama za ta tashi. Fura da yogot madara ce ko abin sha? Garin kunu gari ne ko abincin yara? Daddawa fa? Ku yanke sau ɗaya, ku rubuta, kowa ya bi. Idan mutane ba su daidaita ba, na'ura ba za ta daidaita ba.

Mutum biyu su yi wa kaya ɗaya alama kowa shi kaɗai, sannan a kwatanta. Inda suka saɓa, nan takardar iyakoki take da rami. Jadawali kawai ya isa wannan aikin. Idan hoto za a zana wa akwati, Label Studio kyauta ce. Ka nemi misali kamar hamsin zuwa ɗari a kowane rukuni don farawa. Wanda bai kai ashirin ba, ka haɗa shi da maƙwabcinsa tukuna, ko ka tura mutane kasuwa su nemo shi musamman.

Kafin ka taɓa komai, ka ware kashi ɗaya cikin biyar ka kulle, shi ne takardar jarrabawa. A nan akwai tarkon da ya taɓa kama ni. Na raba kayan ba tare da lura ba, sai taliyar kamfani ɗaya mai ɗanɗanon kaza ta faɗa kason koyo, mai ɗanɗanon albasa ta faɗa kason jarrabawa, rubutun jikinsu kuwa kusan ɗaya. Sakamako ya fito kamar na ɗalibin da ya ga tambayoyi tun daren jiya, na yi ta murna, da sababbin kaya suka zo sai asiri ya tonu. Ka raba bisa kamfani: duk kayan kamfani ɗaya su tafi ɓangare ɗaya.

Mataki na shida: horar da ƙaramin samfuri

Samfuri shi ne manhajar da ta koyi yin zato daga misalan da ka ba ta. Kada ka fara da manyan samfuran da ake ta kururutawa. Ka haɗa sunan kaya da rubutun fuskarsa da jerin kayan haɗi su zama zance ɗaya. A harshen rubuta manhaja na Python, da kayan aikin koyon na'ura na scikit-learn, ka mayar da rubutun lambobi ta hanyar TF-IDF, wadda ke ba kalmar da ba kasafai ake gani ba nauyi fiye da wadda ke ko'ina. Sannan ka ɗora mai rarrabewa mai sauƙi, LogisticRegression. A laftof ta talaka wannan ba ya wuce mintuna kaɗan, ko an ɗauke wuta batir zai kai ka.

Dabara ɗaya ce za ta fi yi maka amfani: ka sa ta ƙirga guntayen haruffa, uku zuwa biyar a jere, maimakon cikakkun kalmomi. Dalili kuwa, za ka tarar da ƙuli-ƙuli, kulikuli, kuli kuli da kwuli-kwuli, dukansu abu ɗaya. Idan kalma take ƙirgawa, baƙi huɗu ta gani; idan guntaye ne, za ta ga "uli" a ko'ina ta gane dangi ne. Wannan kuma yana rufa wa kurakuran OCR asiri. Ka kunna zaɓin daidaita nauyin rukunai, in ba haka ba biskit da lemo, da yake sun fi yawa, za su danne man shanu da kuka.

Sai wannan ya tsaya da ƙafarsa za ka waiwayi hoto. Tambura su ne wuri mafi daɗi: a yanko kowane tambari, samfurin hoto da aka riga aka horar ya mayar da shi jerin lambobi, a tara masu kama da juna wuri ɗaya, mutum ya duba tarin sau ɗaya ya raɗa masa suna. Da haka za ka kama tambarin kamfani, alamar halal, da tambarin idon nan da ke jikin sukari, fulawa da man girki mai nuna an ƙara bitamin A. Idan aikin ya fi ƙarfin kwamfutarka, Google Colab na ba da aron na'ura ta intanet.

Manyan samfuran hira masu ganin hoto suna karanta teburin sinadarai da kyau, ban musa ba. Aibinsu shi ne idan lamba ta dushe ba sa cewa ba su gani ba, sai su cike da wadda ta yi kama da gaskiya. Duk abin da suka fitar sai ya bi ta gwajin mataki na uku, kuma sai ido ya gani.

Mataki na bakwai: auna ta da gaskiya

Buɗe takardar jarrabawa. Kada ka tsaya a jimla ɗaya, domin idan rabin kayanka biskit ne, samfurin da ke cewa "biskit" a kan komai zai ci hamsin cikin ɗari bai san komai ba. Ka duba abu biyu a kowane rukuni. Na farko, ingancin faɗa: cikin kaya 100 da ta ce madara ce, nawa ne madarar gaske? Na biyu, yawan kamu: cikin duk madarar da ke akwai, nawa ta gano? A ce ta kira 100, 90 daidai ne, alhali madarar 150 ce. Ingancin faɗarta 90 cikin ɗari, kamunta 60. A rumbun da jama'a za su dogara da shi, na farkon ya fi muhimmanci. Gurbi a buɗe kowa ya san a buɗe yake, amma gurbin da aka cika da kuskure yaudara ce.

Sannan ka zauna ka karanta kurakuran ɗaya bayan ɗaya, aƙalla hamsin. Za ka ga wasu ba nata ba ne, mai alama ne ya yi kuskure. Wasu hoto ne mara kyau. Sauran za su nuna maka rukunai biyun da take rikitawa, kamar garin madara da garin koko mai madara, kuma daga nan za ka san misalan da za ka ƙaro.

Mataki na takwas: na'ura ta yi zato, mutum ya sa hannu

Kowane zato yana zuwa da maki tsakanin 0 da 1 mai nuna ƙarfin tabbacinta. Ka raba gida uku. Na ƙasa, a ce ƙasa da 0.5, a yi shiru da shi. Na tsakiya a mayar da shi tambaya. Na can sama, wanda jarrabawa ta nuna kusan ba ya kuskure, shi kaɗai za a iya shigarwa kai tsaye, kuma a gurabun da kuskurensu ba ya cutarwa, tare da alamar cewa na'ura ce ta cika. Iyakokin nan daga sakamakon jarrabawarka za ka tsayar da su, rukuni-rukuni, ba daga bakina ba.

Tambayar ta zama gajera, da hoto a gefe: "Wannan man gyaɗa ne?" Amsa uku: e, a'a, ban sani ba. Ta ukun nan kada ka raina ta; idan babu ita, mai kunya zai danna e don kada a ce bai sani ba. Open Food Facts haka take yi a manhajarta ta waya da wani shafi da suka sa wa suna Hunger Games, inda mutane ke amsa irin waɗannan tambayoyi a jere. Mutum na iya amsa talatin yana cikin Keke Napep daga Kwangila zuwa Kongo. Ka rubuta tambayoyin da Hausa, za ka ga iyaye mata sun shigo, kuma su suka fi kowa sanin kayan kicin. Ka sa sai mutum biyu sun yarda kafin amsa ta zauna, ka kuma cusa tambayoyin da ka riga ka san amsarsu jefi-jefi don gane mai danne-danne ido rufe.

Akwai gurabun da ban yarda na'ura ta taɓa ita kaɗai ba ko makinta nawa ne, don kada garin gyaran gira a rasa ido. Na farko abubuwan da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, kamar gyaɗa, madara, ƙwai, alkama da waken soya. Ta iya cewa "na ga gyaɗa a rubuce", amma kada ta taɓa cewa "babu gyaɗa". Yajin tsire misali ne: duk ɗan Zariya ya san akan daka shi da ƙuli-ƙuli, amma ledar na iya cewa yaji kawai. Na biyu halal da haram. Ta nuna cewa akwai gelatin, da ake samowa daga fata da ƙashin dabba, ko E120 da ake samowa daga wani ƙwaro, ta tsaya nan; hukunci na malamai ne da masu ba da shaida. Haka makin ingancin abinci na Nutri-Score, mai tafiya daga A zuwa E, da rukunan NOVA huɗu masu nuna yawan sarrafa abinci, da masana na Jami'ar Sao Paulo ta Brazil suka tsara: lissafi ne da ke hawa kan rukuni da lambobi da kayan haɗi, idan tushen bai tabbata ba kada a nuna su.

Mataki na tara: mayar da amsoshi cikin tukunya

Kowace e da kowace a'a sabon misali ne da ka samu kyauta. Duk wata, ko duk sanda amsoshi suka taru ɗari biyar, ka sake horarwa, ka auna da waccan takardar jarrabawa da ka kulle, wadda ba ta taɓa shiga koyo ba. Idan sabon samfuri bai fi tsohon ba, tsohon ya ci gaba da aiki. Wajen zaɓen tambayoyi, ka riƙa turo waɗanda na'ura ta fi shakka a kansu, domin amsa ɗaya a kan garin tamba ta fi amsa ashirin a kan lemon da ta riga ta haddace. Amma ka gauraya da masu sauƙi, kada mutane su gaji su gudu.

Maimaitattun kaya kuma, musamman marasa bakod, ka kama su ta kusancin suna da kamannin hoto, ka jera su biyu-biyu mutum ya ce ɗaya ne ko daban. Kada ka haɗe su kai tsaye: zuma biyu masu suna iri ɗaya na iya zama na mutum biyu, ɗaya daga Kwangila, ɗaya daga cikin birni.

Ka riƙe tarihin kowane gurbi: me ke ciki da, me ya koma, wa ya sauya, mutum ne ko samfuri na nawa, a wace rana. Ranar da ka gano wani samfuri ya yi ɓarna a rukunin mai, da wannan tarihin za ka warware aikinsa shi kaɗai ba tare da taɓa na mutane ba. Ka kuma riƙe ranar da aka ɗauki kowane hoto. Kamfanoni kan rage nauyin kaya ko su sauya haɗi su bar bakod yadda yake, don haka idan sabon hoto ya ce giram 70 alhali rumbu na cewa 75, kada tsarinka ya ɗauka kuskure ne ya jefar. Ya ajiye duka biyun da ranakunsu, ya tura tambaya ga wanda ke kusa da kasuwa ya je ya juya ledar ya duba.